Tambaya da Amsa: Kira Yana Yankewa Idan Ana Yawo Cikin Wi-Fi na Ma'aikata

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa kusan kukansu ɗaya ne: kira yana tafiya lafiya lau muddin mutum na zaune, da ya miƙe ya fara zagaya gini sai murya ta soma yankewa. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da sadarwar wani asibiti mai hawa huɗu. Ma'aikatan jinya suna amfani da wayoyin da ke kira ta Wi-Fi. Idan suna tsaye babu matsala, amma da sun tashi daga wannan sashe zuwa wancan sai a ji shiru na sakan ɗaya ko biyu, wani lokacin kiran ya faɗi gaba ɗaya. Sandunan sigina kuwa cike suke. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, waya ce ke yanke shawarar barin wannan AP, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi, ta koma wancan. Kwanturola, wato na'urar da ke sarrafa dukkan AP ɗin, tana iya ba ta shawara, tana iya korar ta, amma ba ta da ikon ɗaukar ta ta ɗora inda take so. Aikinka shi ne ka gyara mata hanya yadda idan ta tashi ƙaura za ta tarar da wurin sauka a shirye.

Ƙaurar nan mataki uku ce, kowane mataki da irin cutarsa. Da farko waya za ta lura sigina ta yi rauni, ta laluba tashoshi tana neman wani AP. Sannan ta gabatar da kanta ga sabon, a tantance ta, a yi musayar makullai. Daga ƙarshe suwic-suwic, wato na'urorin da kebul ɗin AP ke haɗuwa a cikinsu, su gane cewa ta sauya wuri, su juya mata fakitocinta, wato ƙunsoshin bayanan da ake aiko mata. Muddin ba ka san a wane mataki lokaci ke zubewa ba, duk saitin da ka taɓa harbi ne a duhu.

Dalilin da ya sa murya ke tona asirin abin da intanet ke rufewa shi ne: yawancin manhajojin kira suna aika fakiti ɗaya duk milisakan 20, wato 50 a sakan guda, kuma wanda ya ɓace ba a sake aiko shi. Ƙaurar da ta ɗauki milisakan 50 fakiti biyu ko uku kawai ta ci, kunne ba zai lura ba, shi ya sa ake sa wannan adadi a matsayin abin nema. Shirun sakan biyu da kake faɗa kuwa fakiti 100 ne suka salwanta.

Ga yadda za ka auna. Ɗauki ainihin irin wayar da ma'aikatan ke riƙewa, ba kwamfutarka ba, domin eriyarsu da ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kira wayar tebur da ke jone da kebul, ka sa wani ya yi ta ƙirga ɗaya, biyu, uku ba tsayawa. Kara wayar a kunne, ka bi hanyar da suke bi da irin saurinsu, ka sa alama a taswirar gini duk inda lamba ta ɓace. Maimaita tafiya da dawowa, don sau da yawa matsalar ta ɓangare ɗaya ce. Yayin da kake wannan, kwanturola tana rubuta duk abin da ya faru da adireshin MAC na wayar, wato lambar shaidar katin Wi-Fi ɗinta, kuma agogon kowace na'ura ya zama an daidaita shi da NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, in ba haka ba bayanan ba za su haɗu ba.

Idan da hali, ka kama fakitocin iska da katin Wi-Fi biyu, ɗaya a tashar tsohon AP, ɗaya a ta sabon. A Wireshark, manhajar duba fakitoci, ka tace da wlan.fc.type_subtype == 2, wanda shi ne buƙatar sake haɗuwa, da 3 amsarta, da 11 na tantancewa, da 12 na kora, ka ƙara eapol, mai nuna saƙonnin EAP na tantancewa da na musayar makullai. Tsawon ƙaura shi ne tazarar da ke tsakanin fakitin murya na ƙarshe a tsohon AP da na farko a sabo. Idan ka ga maimaita aike yana ta hauhawa, gudu yana sauka, tun kafin waya ta motsa, to ta makara wajen tashi, matsalar tsarin sigina ce. Idan giɓin yana cike da saƙonnin EAP, tantancewa ce ke cin lokaci. Idan an gama musayar makullai nan take amma murya ba ta dawo ba, ka bar iska ka koma kan kebul.

Sanduna kuwa ka manta da su, kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Lambobin da ake gina Wi-Fi na murya a kansu su ne: sigina kada ta gaza -67 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina, inda -60 ta fi -70 ƙarfi) a ko'ina ake kira, ta fi hayaniyar wurin da aƙalla 25 dB, asarar fakiti ƙasa da kashi 1 cikin 100, bambancin lokacin isowarsu ƙasa da milisakan 30, jinkiri daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne, a daidai inda AP na farko ya kai -67, na biyu ya riga ya kai hakan ko ya fi. A asibiti ka sa ido musamman kan matattakala, da bakin lif, da ƙofofin kashe gobara, da ɗakunan ɗaukar hoton ƙashi masu dalma a bango.

Tambaya: Injiniya, muna amfani da 802.1X da sabar RADIUS. Na lura idan na bi wata hanya karon farko kira yana yankewa, amma idan na juyo ta nan ɗin dai sai ya wuce sumul. Da na kunna 802.11r abin ya gyaru, sai dai wasu tsofaffin na'urorin karanta lambar kaya a ɗakin ajiya suka ƙi haɗuwa sam. In kashe ko in bari?

Amsa: Ɗan'uwa, lurar da ka yi ta riga ta faɗi cutar. Duk lokacin da waya ta isa AP ɗin da bai san ta ba, sai an yi cikakkiyar tantancewa: saƙonnin EAP su yi ta kai da komo har zuwa sabar RADIUS mai tantance masu shiga, a duba satifiket, sannan a yi musafaha mai mataki huɗu. Wannan kan ci ɗaruruwan milisakan, idan sabar tana nesa ko ta yi nauyi ya haura sakan guda. Da ka juyo, wayar da AP ɗin duk suna riƙe da babban makullin da suka yi ɗazu, shi ya sa aka tsallake RADIUS. Wannan ajiya tana amfani ne kawai a inda aka taɓa sauka.

802.11r, wanda aka amince da shi a 2008, ya zo ne don wannan. Ana yin cikakkiyar tantancewa sau ɗaya a farkon shiga, daga nan a rarraba makullan da aka ciro daga na farko zuwa sauran AP, ƙaura ta koma saƙo huɗu kacal: biyu na tantancewa, biyu na sake haɗuwa. Don ka tabbatar yana aiki da gaske, buɗe saƙon tantancewa a Wireshark, lambar salon ta zama 2. Idan 0 ka gani kuma EAP ya biyo baya, to an kunna shi a kwanturola amma wayar ba ta amfani da shi.

Kada ka kashe. Tsofaffin na'urorin suna tuntuɓe ne da sabbin bayanan da suke gani a shelar AP, direbansu, wato manhajar da ke sarrafa katin Wi-Fi, bai san su ba sai ya ƙi cibiyar baki ɗaya. Fara da sabunta manhajarsu. Idan hakan bai yi ba, duba ko kayanka suna da yanayin haɗaka, inda SSID ɗaya, wato sunan cibiyar Wi-Fi ɗaya, ke karɓar masu 802.11r da marasa shi. Cisco tana da wani salo da take kira Adaptive, wanda ba ya shelanta 802.11r a fili amma yana ba na'urorin da suka gane shi. Idan duk sun faskara, ware wa tsofaffin SSID nasu, ka bar na murya da 802.11r. A ganinmu wannan ya fi tsafta, ko da yake ƙarin SSID yana da nasa nauyi a iska.

Abubuwa uku ke ɓata 802.11r ko an kunna shi. Lambar yankin ƙaura dole ta zama iri ɗaya a duk AP ɗin da ke ɗauke da SSID ɗin. Idan gini biyu suna ƙarƙashin kwanturola biyu da ba a haɗa su rukuni ɗaya ba, a bakin iyakarsu za a koma doguwar hanya. Na biyu, salo biyu gare shi, na ta iska da na ta cikin kebul. Zaɓi na ta iska, shi na'urori suka fi jituwa da shi, kuma ba ya dogara da tsohon AP wanda siginarsa ta riga ta yi rauni. Na uku, ka karanta lambar da sabon AP ya mayar idan ya ƙi: 53 na nufin bai gane shaidar makullin ba, 54 bayanin yankin ƙaura bai dace ba, 55 bayanin ƙaurar gaggawa ne ya lalace. Duk lambobin uku suna nuna makullai ba sa isa inda ya kamata, ko an sami saɓanin saiti tsakanin AP da AP. Akwai kuma OKC, wani salon hanzarta ƙaura, wanda ya girmi 802.11r kuma ba ya cikin ƙa'idar IEEE. Ba kowace waya ke gane shi ba, amma barin sa a kunne yana taimakon waɗanda ke gane shi.

Tambaya: Da ƙorafi ya yi yawa na ƙure ƙarfin kowane AP a ofishinmu don sigina ta kai ko'ina. Maimakon sauƙi, abin ƙaruwa ya yi. Yanzu ma'aikaci yana tsaye ƙarƙashin wani AP amma wayarsa tana manne da na can ƙarshen gini. Me na ɓata?

Amsa: Malama, ƙara ƙarfin shi ne ya jawo. Magana tsakanin waya da AP zuwa da dawowa ce. AP da ke watsawa a 20 dBm yana fitar da miliwat 100, wayar hannu kuwa sau da yawa ƙasa da haka take, mai 14 dBm miliwat 25 ce kawai. Kamar mai lasifika ne da mai magana da fatar baki: kina jin sa daga nesa, shi ba ya jin ki. Wayar tana ganin sigina mai kyau, ba ta ga dalilin tashi ba, alhali fakitocin da take aikawa suna faɗuwa a hanya. Alamar wannan ita ce ma'aikacin yana jin wanda ya kira shi tangaram, amma shi ba a jin sa sosai.

Kowace waya da mizaninta. Apple ta bayyana nata: iPhone ba ta fara neman wani AP sai sigina ta sauka ƙasa da -70 dBm, kuma idan tana cikin aika bayanai sai ta sami wanda ya fi na yanzu da 8 dB kafin ta koma, idan tana hutawa 12 dB. Kwamfutocin Mac sai -75. Ke nan wayar da ke kan -72 tana jiran ta ga AP mai -64 ko sama. Idan kin ƙure ƙarfi har na nesa bai taɓa sauka ƙasa da -70 ba, ba za ta ko waiwayi na saman kanta ba.

Sauke ƙarfin ya yi kusa da na wayar da ta fi rauni a cikin waɗanda ake kira da su; takardar bayanan wayar za ta gaya miki adadin. Idan kwanturola ce ke daidaita ƙarfi da kanta, sa mata iyaka sama da ƙasa masu kusa da juna, misali 11 zuwa 14 dBm a zangon 5 GHz, don kada wani AP ya yi ihu maƙwabcinsa na raɗa. Ƙarfin 2.4 GHz ya kasance ƙasa da na 5 GHz, ko ma a cire SSID na murya daga 2.4 gaba ɗaya, tunda tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna a can, 1 da 6 da 11. Sannan ki kashe ƙananan matakan gudu na 1 da 2 da 5.5 da 11 Mbps, mafi ƙanƙanta ya zama 12. AP yana shela da mafi ƙanƙantan gudun dole, don haka wannan yana rage nisan da ake iya manne masa, yana kuma rage cunkoso. Ki sani dai duk na'urar da 802.11b kaɗai ta iya za ta fita. Bayan sauke ƙarfi za ki iya ganin ramukan da ihun ya rufe. Waɗannan ƙarin AP suke buƙata, babu saitin da zai cike su.

Wani abu da ya kamata ki duba: idan an jera AP duka a korido, suna ganin juna ba shamaki, sai kwanturola ta ɗauka sun yi yawa ta rage musu ƙarfi, ɗakuna su rasa. Ga shi da mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa sigina kan faɗi farat ɗaya, waya ba ta sami lokacin lalube ba. Sanya su cikin ɗakuna ya fi.

Tambaya: Ƙaura tana kammaluwa da sauri, na gani a kwanturola. Amma idan aka tsallaka daga tsohon gini zuwa sabo sai kira ya mutu, kuma akwai wani AP guda da duk wanda ya sauka kansa sai murya ta ɗauke.

Amsa: Malam, matsala biyu ce, kuma dukansu a kebul suke. Ta AP guda ɗin ta fi sauƙi: je ka kafar suwic ɗin da yake jone, ka kwatanta saitinta da na maƙwabcinsa mai lafiya layi bayan layi. Galibi VLAN na murya ne, wato sashen cibiya da aka ware wa kira, ba a bari ya bi ta kafar ba, ko kuma an sa iyakar adadin adireshin MAC, ko tsaron DHCP da ARP, mai bin diddigin rabon adireshi, yana zubar da fakitocin wayar saboda bai ga lokacin da ta karɓi adireshi ta wannan kafa ba. Wannan yana faruwa ne inda AP ke sauke zirga-zirga a suwic na kusa maimakon ya tura ta kwanturola.

Ta tsallaka gini kuwa, duba adireshin IP na wayar kafin da bayan. Idan ya canza, gine-ginen suna rukunin adireshi daban, kuma kiran da aka ƙulla da tsohon adireshi ba zai rayu ba. Ko dai ka shimfiɗa VLAN ɗaya na murya a duka biyun, ko ka haɗa kwanturololin yadda ta farko za ta ci gaba da riƙe adireshin, ta biyu ta riƙa tura mata fakitoci ta rami, wato keɓaɓɓiyar hanya tsakaninsu. Idan akwai zaɓin tilasta wa kowace na'ura neman DHCP kafin a bar ta ta wuce, kashe shi a SSID na murya, yana iya tsare waya bayan ƙaura.

Idan kiran na layin kamfanin waya ne da ke bi ta Wi-Fi, to yana cikin ramin IPsec ne zuwa kamfanin, ta UDP 500 da 4500. Katangar tsaro ta bar su a buɗe, kada ta yi saurin manta zaman da ya ɗan yi shiru, kuma gine-ginen biyu su fita intanet da adireshin waje ɗaya. Wani abin lura: kiran da ke yankewa a ƙayyadadden lokaci ko mutum na zaune ba ƙaura ba ce, wa'adin zama ne ya cika aka sake tantancewa. Wasu kwanturololi suna zuwa da sakan 1800, wato minti 30. Ƙara shi ya wuce tsawon aikin yini.

Tambaya: An ce in guji tashoshin DFS saboda murya. Gaskiya ne? Idan na cire su tashoshina za su yi kaɗan.

Amsa: Da gaskiya a ciki, amma ba doka ba ce. Tashoshin DFS, wato 52 zuwa 64 da 100 zuwa 144, ana raba su da radar, don haka ba a yarda waya ta fara aika saƙon neman AP a cikinsu ba, sai ta yi shiru ta saurari shelar AP, wadda ke zuwa duk milisakan 102.4. Tashoshi 16 ne, sauraron kowace ɗaya bayan ɗaya ya haura sakan ɗaya da rabi, kuma waya mai kira a kunne guntu-guntu take yin sa tsakanin fakitoci. Ga kuma radar: AP da ya ji shi dole ya bar tashar cikin sakan 10, ba zai dawo ba sai bayan minti 30, kuma kafin ya fara aiki a wata tashar DFS sai ya saurara na aƙalla sakan 60.

Maganin lalube shi ne 802.11k, inda AP ke miƙa wa waya jerin maƙwabtansa da tashoshinsu, ta duba kaɗan maimakon duka. Idan wayoyinka suna gane shi, kuma kundin kwanturola bai nuna yawan jin radar ba, yi amfani da DFS. Idan ba sa ganewa, taƙaita zuwa 36 zuwa 48, da 149 zuwa sama inda dokar ƙasa ta yarda, kowace tasha mai faɗin 20 MHz don su ishe ka. Ko ta yaya, kwatanta jerin tashoshin da wayar ta iya da wanda kwanturola ke rabawa. AP da ya sauka a tashar da waya ba ta sani ba, kamar 144 ko 165 a wasu tsofaffi, a wurinta babu shi. Kada kuma ka ɓoye sunan SSID.

Tambaya: Namu da safe da yamma lafiya, amma da tsakar rana murya sai ta riƙa karkarwa, ƙaura ma ta yi nauyi.

Amsa: Cunkoso ne, Hajiya. Duba yawan shagaltar tasha a wannan lokaci. Idan ya wuce kashi 50 cikin 100 murya za ta sha wahala, saƙonnin ƙaura su ma layi suke bi. Rage SSID zuwa uku ko huɗu. Sannan ki bi alamar fifiko daga farko zuwa ƙarshe. Ana yi wa murya alamar DSCP 46, amma tsohuwar hanyar fassara tana ɗaukar lambobi uku na farko ne kawai na 46 idan an rubuta shi da tsarin 0 da 1, sai ta ba da 5, wanda a WMM, tsarin fifiko na Wi-Fi, layin bidiyo ne. Kundin ƙa'ida mai suna RFC 8325 na 2018 ya ce a kai 46 zuwa 6, layin murya. Tabbatar kayanki haka suke yi, kuma suwic yana amincewa da alamar maimakon ya goge ta. Ki duba ɓangarorin biyu a fakitocin da kika kama, domin daga waya zuwa AP wayar ce ke sa alamar da kanta.

Tambaya: Kwanturolarmu tana da zaɓin korar duk wanda siginarsa ta yi ƙasa, da na raba nauyi tsakanin AP. In kunna su don wayoyi su daina mannewa?

Amsa: A SSID na murya, a'a. Wayar da aka kora takan fara daga tushe, ta yi lalube da cikakkiyar tantancewa, amfanin 802.11r ya tafi. Raba nauyi kuma yana aiki ne ta ƙin karɓar waya da lamba 17, wato AP ya cika, a daidai lokacin da take tsakiyar ƙaura. Tura na'urori zuwa 5 GHz ta hanyar jinkirta amsa shi ma yana ƙara wa lalube tsawo. Abin da za ka kunna shi ne 802.11v, mai ba waya shawara, ka bar zaɓin kora bayan shawarar a kashe har sai ka gwada da kowace irin waya da kuke da ita. Ga masu kira da kwamfutar Windows, umarnin netsh wlan show interfaces yana nuna AP ɗin da ake kai da ƙarfinsa, kuma katunan Intel suna da saitin zafin neman ƙaura mai mataki biyar a cikin direba. Ɗaga shi mataki ɗaya daga tsakiya, ka sake bin hanyar gwajin kafin ka taɓa wani abu.